Hannun da Baba Ya Sa

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Kullum ina yaba biyayyarka. Ba kowane ɗa ne zai buɗe shagon kujeru ya rubuta mahaifinsa a matsayin mai kamfani ba, shi ya tsaya a ɗan aike. Albarkar biyayyar ta iso jiya: sammaci, da sunan Baba. Wai harajin da kake cirewa daga albashin kafintocinka ya yi watanni a hannunka. Baba ko ƙusa bai taɓa saya ba. Yi min bayani.

Yayarka da ba ta barci,
Yaya

*

Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ban ci kuɗin ba. Inji ne ya lalace, na juya su, kuma na biya daga baya. Lauya ya ce jinkirin kansa laifi ne, amma akwai sulhu: in biya tara, mai kamfani ya sa hannu cewa ya amsa laifi, a rufe magana. Idan na ce ni ne, kotu za a koma, wataƙila gidan yari, shago ya mutu. Tunda idonsa ya raunana ke kike karanta masa takardu. Ki ce masa takardar sabunta rajista ce.

Ƙaninki mai neman afuwa

*

Auta,

Muna lafiya. Ni 'yar kasuwa ce, na sha yi wa kaya kwalliya, amma ban taɓa sayar wa makaho ruɓaɓɓe ba. Na karanta masa duka, har ƙananan rubutun ƙasa. Ya tambaya ko kafintocin sun sani, da kuma ko matarka ta kusa haihuwa. Ya ce a goge masa farar rigarsa.

Yaya

*

Auta,

An gama. Mun zauna a benci a ofishin haraji har aka kira shi. Jami'ar, sa'ar jikarsa, ta ce, "Baba, ka amsa kai ka riƙe kuɗin ma'aikata?" Ya ce, "Ni ne, 'yata." Ni na ɗora masa hannu a kan layin. Tun da nake ban taɓa jin ya faɗi abin da ba haka ba sai ranar.

Na ji za ka zo yi masa godiya. Ka zo, ƙofa a buɗe take. Sai dai ka shirya tun daga gida: godiyar sa hannun za ka yi masa, ko ta ƙaryar?

Ka huta lafiya,
Yaya