Murfin Tukunya a Kan Cikina

Zuwa ga Innata, Hajara ta Damagaram.

Assalamu alaikum, tare da gaisuwar girmamawa daga ɗiyarki Ramatu, nan unguwar Mahdiya cikin garin Sabha, ƙetaren sahara. Na san wasiƙa ba ta shiga kabari. Amma shekara biyu ke nan da rasuwarki, kuma babu wanda zan faɗa wa wannan magana ban ji kunya ba sai ke.

Inna, ina da ciki wata bakwai. Na fari kin san ya zube.

Surukinki yana aikin gini, don garin nan kullum sabon bene ke tashi da arzikin fetur. Ni kuwa kin san halina da littattafan soyayya. Akwai wata Anti Bilki, Bakanuwa, matar wani malamin kimiyya a jami'a, ita ke ara mini su.

Ranar Talata na je mayar da littafi, na tarar da mijinta, Malam, ya zuba ƙwallayen dabino a faranti yana shirya darasi. Sai ya harba ɗaya ya bugi wani, wanda aka buga ya ɗan gusa, mai bugun ya karkace ya wuce, babu wanda ya fashe. Na tambaya. Ya ce akwai wasu halittu ƙanana fiye da tunani, sunansu nutirino, daga rana suke zubowa suna ratsa gini da dutse da mutum. Da wuya ƙwarai ɗaya kan yi karo da cibiyar ƙwayar zarra ya ture ta haka. Ya ce akwai ma wani ɓoyayyen abu cike da sararin sama, ba ya haske, nauyinsa kaɗai ke nuna yana nan, shi ma ana zaton yana ratsa mu.

Inna, nan take na tuna da cikina. Kin tuna kina cewa, “Mai ciki ba ta keta tsakar rana sai da ƙarfe a jikinta”? ’Yar wuƙar da kika ba ni tana ɗaure a bakin zanena. Na tambaye shi ko ƙarfe na tare su. Ya yi dariya ya ce ko dutsen ƙarfe ne ratsawa za su yi. Bai lura da fuskata ba.

Ban san yadda na iso gida ba. Na rufe taga, na toshe kafar ƙofa da tsumma, na ɗauki murfin babbar tukunyar da kika saka mini a kayan aure na ɗaura a cikina da ɗankwali. Na ce ko na farin ma su suka harbe shi. Abinci ya ƙi shiga. Na kwanta ina ganin rana ta cikin kafar kwanon rufi kamar mai jifana.

Daga nan yaron ya yi shiru. Yini guda, babu motsi.

Surukinki ya dawo ya same ni da murfi a ciki, ya tsaya da siminti a gira yana kallona. Ya ce littattafan ne suka juya mini kai. Ni ban iya gaya masa yaron bai motsa ba, don bakina ya ƙi furtawa.

Da safe Anti Bilki ta zo da sabon littafin da na manta ban ɗauko ba. Da ta ji yaron ya daina motsi, sai ta kwance murfin da hannunta, ta ce mijinta ya iya koyar da ɗalibai amma bai iya magana da mai ciki ba. Ta tsayar da taksi zuwa asibiti.

A hanya ta ƙarasa mini abin da ban tsaya na ji ba. Wai masana sukan binne katafaren tanki can ƙarƙashin dutse, su zauna shekaru suna jiran irin wannan ɗan karo, saboda tsabar wuyar faruwarsa. Kuma ba jiya abin ya fara ba. Ya ratsa ki lokacin da nake cikinki kina daka a rana. Ya ratsa Kaka. Yanzu haka yana ratsa ƙasar da kike kwance.

Wannan ya fi girgiza ni, Inna. Ashe akwai abin da ke taɓa ni da ke lokaci guda, duk da saharar da ke tsakaninmu da ramin da ya rufe ki.

Ungozoma ta kwantar da ni, ta ɗora na'ura a cikina, ta ce in yi shiru. Na riƙe numfashi kamar mutanen can na ƙarƙashin dutse. Ta gusa hagu, babu. Ta gusa ƙasa. Sai ga bugun zuciya, da sauri kamar gudun ɗan akuya. Kafin ta ɗaga hannu ya harbe ta da ƙafa har na'urar ta zame. Ta yi mini faɗa da Larabci kan zama da yunwa, ta ce ko yaushe motsi ya ragu in zo nan take. Na yi ta kuka ina cewa to.

Murfin ya koma kan tukunya, yau ma tuwo na yi. Wuƙarki kuwa ban cire ba. Na san ba ta tare komai, amma hannunki ne ya ɗaura ta.

In mace ce, Hajara za a raɗa mata.

Allah ya haskaka makwancinki, ya yalwata shi, ya sauke ni lafiya kamar yadda ya sauke ki.

Ɗiyarki mai kewarki,
Ramatu.