Farar Takardar da Na Miƙa wa Midhat

Da sunan Allah. Ni Ra'afat Abdul-Mawla, tsohon malamin ilimin ƙasar noma, nake rubuta wannan da hannuna. Hankalina garau yake, ƙafafu ne kawai suka yi mini tawaye. Likita ya fara yi mini magana da tattausar murya, na kuwa san abin da hakan ke nufi. Tahani da Wa'il, ku karanta tare a gaban mahaifiyarku.

Na ɗaya. Gida da 'yar gonar mangwaro a raba yadda shari'a ta tanada, amma muddin mahaifiyarku na da rai, kada wanda ya gusar mata da ko kujera. Littattafaina a kai sashenmu, a ajiye inda ɗalibi zai iya taɓawa. In aka kulle su a ofishin shugaban tsangaya don ado, ban yafe ba.

Na biyu. Ku je wurin Dakta Midhat Girgis ku roƙa mini gafara. Ban taɓa gaya muku dalili ba, ga shi. A tsangayarmu, ranar taron majalisa, takarda ce ke zagayawa tare da shayi, fara sol, sai sunayenmu a ƙasa. Kowa ya sa hannu wai shaidar ya halarta, a kurɓi shayi, a taɓa hirar ƙwallo, a watse. Daga baya ake buga abin da wai muka yanke a saman sa hannunmu. Shekara tara ina shugaban sashe, ni ke miƙa ta, har ina tsokanar mai jinkiri cewa ko alƙalaminsa na azumi ne.

Wata safiya Midhat ya tarar an kwashe ɗakin gwajinsa na gishirin ƙasa, aikin shekara ashirin, an mai da shi ma'ajiyar kujeru. Da ya kai kuka sai aka zaro masa takarda: ga sa hannunsa, ga nawa. Wallahi ban san da maganar ba, amma ni na miƙa masa. Tun ranar bai sake ce mini ɗan'uwa ba, ni kuma kunya ta hana ni taka ƙofarsa. Abin yana cin raina har gobe.

Na uku, Tahani. Na ji ke da sauran matasan malamai kun ce ba ku sa hannu a tsarin jami'a na shekara biyar ɗin nan sai an ba kowa kwafi ya karanta, a san sashen da za a haɗe da darasin da za a soke. Madalla da ke! Mutum ashirin da uku kuka rubuta wasiƙa, kowa da cikakken sunansa. A zamaninmu ko uku ba za a samu ba, shi ya sa zan tafi da kyakkyawan zato. Amma bakin nan naki na san shi, nawa ne kika gada. Kin kira ƙanenki ɗan koren ofis a gaban matarsa, yau wata huɗu ba ku gaisawa. Haba, 'yata! Takarda kike nema, mutuncinsa bai tsare miki komai ba.

Na huɗu, Wa'il. A ofishin tsare-tsare kake, kai ka buga tsarin, ka ce amana ce aka ba ka. Ban ce ka sato wa yayarka ba, kada ma ka kuskura. Amma ai kana da baki. Ka shiga wurin maigidanka ka gaya masa cikin ladabi cewa abin da za a zartar a kan mutane a nuna musu tukuna. Ka ce mini tsarin yana da kyau, na kuma yarda da kai. To rufa-rufar ce ke sa a zargi lauje cikin naɗi. In ya ɗaure maka fuska, na kwana biyu ne. Ni da na yi shiru, shekara goma sha ɗaya ke nan ina da-na-sani.

Na biyar. Tsohuwar motata na bar muku ita ku biyu, ba sayarwa. Taron majalisar wata mai zuwa ne, da wuya in gan shi, kuma na san kai za a turo da fayil, Wa'il. Ku tafi a cikinta tare. Tahani ta tuƙa, don kai tuƙinka sai addu'a. A zauren ku yi ta musu har murya ta dushe, ban hana ba. Da an tashi ku dawo tare, ku wuce wurin mahaifiyarku, za ta yi muku miyar lalo da zomo.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku, Ya ba ku 'ya'ya masu tambaya kafin su yarda. Ku riƙe juna. Jami'a ba za ta rasa wani malamin ko wani ma'aikacin ba, amma mahaifiyarku ku biyu kaɗai gare ta.