Abin da ya faɗo a gonar Baba

Karare, Batsari

Zuwa ga Yaya Nu'uman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da aikinka a Fatakwal. Allah Ya ƙara tsare ka. Inna da Baba suna lafiya, sai dai tun tafiyarka gidan ya yi shiru, ba ni da wanda zan ba labarin makaranta.

Yaya, makon jiya wani farin akwati ya faɗo a gonarmu, ɗaure da igiya da jar laima da yagaggiyar roba. Wasu sun ce bam ne, wasu sun ce alama ce 'yan bindiga suka jefo. Baba ya kira gayyar yankan gero, amma kowa ya ce ba zai taka gonar ba. Geron ya nuna, tsuntsaye suna ta ci.

Na leƙa daga bakin hanya, na gane shi, domin Malama Ramlat ta nuna mana hotonsa a aji. Masu bincike ne ke ɗura wa babban balan-balan iskar da ta fi tamu rashin nauyi, su rataya masa akwatin da ke auna zafi da sanyi da iska, yana aika musu sakamako ta rediyo. Ba sa cika balan-balan ɗin taf, saboda can sama, inda jirgi ma ba ya kaiwa, iska ba ta da yawa, sai ya yi ta kumbura har ya kai girman ɗaki, ya fashe. Daga nan laimar ta buɗe, akwatin ya sauko duk inda iska ta kai shi. Ba ya cutar da kowa.

Na kai wa Baba ruwa a zaure da niyyar faɗa masa, na tarar da Kawu Armaya'u da sauran dattawa, sai na ajiye ruwan na fito. Na gaya wa Inna, ta ce in bar maganar maza.

Don Allah da zarar direba ya ba ka takardar nan, ka kira Baba, maganarka yana ji. Ka bayyana masa kamar yadda na rubuta, ka ce kai ka sani. Ba sai ka ambaci sunana ba, a dai yanke geron.

Ka gaida Anti Safiyatu da Ummi.

Ƙanwarka,
Lubna