Jan Farcen Inna 'Yar'azumi

Haɗeja,
12 ga Agusta, 1994.

Zuwa ga maigidana, Baban Laraba,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya karatu, yaya sanyin Jos? Ina fata kana sa rigar sanyin da na cusa maka a ƙasan jaka, ba ka bar ta tana gadin akwati ba. Laraba lafiya lau. Haƙorinta na gaba ya fita, tana ta bin mutanen unguwa tana nuna musu wawulo.

Wannan karon ni da kaina zan kai wasiƙar nan tasha in ba Haladu, direban da ke kai bandar kifi Jos. Ka san tun tafiyarka maƙwabciyarmu Inna 'Yar'azumi ce ke kai min, tunda a bakin tasha take suyar kifinta. To Inna tana kwance a asibitinmu, kuma zuciyata tana can wurinta ko da nake rubutun nan.

Jiya Alhamis da hantsi hadari ya taso da iska mai ƙarfi. Tana ƙoƙarin rufe kaskonta sai iska ta fizgo fallen kwano daga rumfar kusa, ya yanke ta a cinyar dama, sama da gwiwa kaɗan. Ɗanta Shu'ibu ya kawo mata kifi daga bakin kogi ke nan, shi ya ɗaure wurin da zaninta, aka zubo ta a mota sai asibiti. Da na gan ta ban san lokacin da na ce wayyo Inna ba, a gaban marasa lafiya, ni da nake yi wa ƙananan ma'aikata faɗa a kan haka. Matar nan ita ta yi min wankan jego lokacin da na haifi Laraba, ba uwa ba dangi a garin nan. Kai shaida ne.

Babbar jijiyar da ke kai jini ƙafa ce ta tsinke. Ƙafar ta yi fari fat, ta yi sanyi. A da irin wannan ba a dogon magana, yankewa ake yi. Amma Allah ya sa muna da Dakta Ja'afaru, ɗan garin nan da ya dawo daga koyon aikin jijiyoyi bara. Ya ce zai gwada haɗawa, sai dai a sa hannu a takarda cewa in abin ya ƙi za a cire ƙafar. Nan Inna ta tubure. Da ɗan sauran numfashinta ta ce da ƙafa biyu Allah ya kawo ta duniya, da biyu za ta koma, wa zai je mata bakin kogi ya yi cinikin kifi da masunta? Jini yana ta zuba, ita tana ta gardama.

Baban Laraba, a nan na yi abin da aka hana mu tun muna makaranta. Na riƙe hannunta na yi mata alkawari cewa za ta fita daga asibitin nan da ƙafarta. Sai ta dube ni ta ce tunda 'yarta Hannatu ta faɗa, Shu'ibu ya sa hannu. Ni ba Allah ba, ni ba likita ba.

Ni na miƙa kayan aiki a ɗakin tiyata. Ban taɓa ganin irin wannan ɗinki ba. Likita ya ciro wata jijiya daga ɗaya ƙafar, ya juya ta kai ya koma ƙasa, wai tana da 'yan ƙofofi a ciki masu buɗewa gefe ɗaya kawai, sannan ya ƙara ta a inda ta tsinke da zaren da ya fi gashin kai siranta. Da ya saki maƙalin da ya tare jinin, muna kallo ƙafar ta fara yin ja daga sama har yatsu. Kafin la'asar mun fito.

Yanzu aikin ya dawo kanmu. Likita ya ce kwana uku na farko su ne abin tsoro, don jini yana iya daskarewa a wurin ɗinkin ya toshe hanya. Kowace awa za mu duba launin ƙafar, mu taɓa mu ji ɗumi, mu danna farce mu ga jan ya dawo. Akwai kuma wata 'yar na'ura da ya zo da ita, kamar rediyon aljihu. Ana ɗora bakinta a bayan ƙafa, sai ka ji jini yana wucewa shuu, shuu. Ya yi alama da biro a daidai wurin. Inna ta saurara ta ce ashe kogi take yawo da shi a jiki ba ta sani ba.

Ka sa ta a addu'a. Laraba tana gaishe ka, ta ce kada ka manta da takalminta.

Ni ce taka,
Hannatu.


Haɗeja,
16 ga Agusta, 1994.

Zuwa ga Baban Laraba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya jiki, yaya jarrabawar da ka ce tana tafe? Allah ya ba da sa'a. Mu lafiya, in ban da murar da ta kama ni tun ranar Alhamis ɗin nan da ruwa ya dake ni. Ka riƙe zancen murar nan, yana da amfani a gaba. Kuma in ka gama karantawa ka yi dariyarka a can ka ƙare, don in ka zo ka yi ta a gabana ba za mu shirya ba.

Ranar Asabar yayar Inna, wata dattijuwa mai suna Umma, ta iso daga Miga da ƙullin kayanta don ta yi jinya. Mace ce mai kirki, ba ta da yawan magana. Ni na yi wa Shu'ibu bayanin yadda za a kula da ƙafar, na yi wa Inna bayani, amma ban zaunar da Umma na gaya mata komai ba. Wannan laifina ne.

Da azahar na duba ƙafar. Ta ɗan kumbura, ta yi ɗumi sosai, abin da muke roƙon Allah ke nan. Na rubuta a takarda, na rufe ta da zani, aka kira ni ɗakin tiyata wani aiki. Da na dawo hadari ya haɗu, wuta ta ɗauke, ɗakin ya yi duhu-duhu. Na ɗaga zanin. Baban Laraba, ƙafar ta yi baƙi tun daga yatsu har idon sawu. Na taɓa, sanyi ƙalau. Na danna farce, ban ga komai ba. Alamar biron ma ta ɓace.

Duk abin da na koya ya fice min daga kai. Na'urar nan tana cikin aljihuna, wallahi ban tuna da ita ba. Na aika a shirya ɗakin tiyata, na kwasa a guje cikin yayyafi zuwa gidan likita, ina gudu ina kuka, hula ta faɗi ban tsaya ɗauka ba. Abin da kawai nake ji a kunnena shi ne, tunda 'yata Hannatu ta faɗa.

Ashe tun kafin in fita Inna ta gane daga fuskata cewa ba lafiya. Mun tarar tana salati, tana raba gado. Kaskon suya na matar Shu'ibu, akuya ta Laraba. Da ta gan ni ba ta ambaci alkawarin ba ko da kalma ɗaya. Cewa ta yi in daina kuka, ai ba ni na aiko iskar ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Umma kuwa tana rakuɓe a gefen gado, ta cusa hannuwa cikin mayafi.

Likita ya ɗaga zanin, ya tsaya. Sai na ga ya sunkuya yana shinshina ƙafar. Na ce a raina shi ke nan, har ta fara wari. Ya miƙo hannu in ba shi na'ura, sai a lokacin na tuna da ita. Ya laluba ya ɗora. Shuu, shuu, shuu, har na gadon ƙarshe sai da suka ji. Ya juya wurin Umma cikin ladabi, ya ce Iya ta taimaka ta nuna masa hannunta. Ta fito da su a hankali. Yatsun nan goma jawur.

Lalle ne. Ta taɓa ƙafar ƙanwarta ta ji zafi, ta ga kumburi, kuma a wurinsu ƙafa in ta yi zafi lalle ake ƙunsa mata ta huce. Da ma ta taho da garinsa daga Miga. Tana ganin na fita ta kwaɓa a murfin kwano, ta shafe ƙafar tas, Inna tana barcin allura. Da ta ji takuna sai ta kankare na sama-sama ta mayar da zani. Danshin lallen ne ya sanyaya fatar, ragowarsa ne baƙin da na gani. Duk ɗakin ƙamshin lalle yake, kowa yana ji, sai ni mai mura. Matan sauran gadajen duk sun ga lokacin da aka shafa, amma ba wadda ta ga abin faɗa a ciki, lalle ne fa.

Na hau Umma da faɗa. Ta bari na gama, sannan ta ce, yarinya, wuta na ji a ƙafar 'yar'uwata, in zauna ina kallo? Sai kunya ta kama ni. Tun suna yara take kula da ita da abin da ta sani. Likita ya jawo kujera ya yi mata bayanin da ya kamata in yi tun da safe, cewa zafin nan shi ne jinin da muka sha wahala muka dawo da shi. Ta ce to ai da an faɗa.

Sai dai abin bai ƙare a dariya ba. Mun wanke ƙafar, lallen bai kai kan ciwon ba, amma fata da farata sun rine, ba sauran duba launi. Ragowar kwana ɗaya da rabi na haɗarin nan da kunne muka yi shi. Na hana kowa taɓa na'urar don kada batir ya ƙare. Umma ce ta zama mai tuna min lokaci. Ba ta san agogo ba, amma awa na cika za ka ji ta aiko a kira mai rediyo.

Jiya likita ya ce mun haye. Yana cikin farin ciki har ya nuna min wata mujallar likitoci da abokinsa ke aiko masa. Wai masu bincike suna gwajin wasu 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani, sun fi ƙurar gari ƙanƙanta nesa ba kusa ba, da fatan wata rana su ɗauki magani su kai shi daidai inda ake so a cikin jiki. Na ce masa Allah ya nuna mana, amma kafin nan a rubuta a mujallar cewa a riƙa bincika ƙullin 'yan jinya.

Ka gaida Malam Ayuba abokin ɗakinka. Ina kewarka ƙwarai, musamman ranar Asabar ɗin nan.

Matarka,
Hannatu.


Haɗeja,
30 ga Oktoba, 1994.

Zuwa ga Baban Laraba,

Gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Wasiƙunka duka sun iso, da takalmin Laraba, wanda ya yi mata yawa amma ta ƙi cirewa. Na ga abin da ka rubuta a ƙasan ta ƙarshe, wai a gaida Sista mai mura. Zan rama.

Ruwa ya janye daga fadama, an fara yankan shinkafa, kifi ya yi araha. Sauran mako bakwai ka dawo, ina ƙirgawa.

Kana ta tambayar Inna. Ta bar sanda tun makon jiya. Tana ɗan ɗingishi, kuma ƙafar tana kumbura in ta daɗe a tsaye, don haka Shu'ibu ya yi mata kujera a rumfa, ita kuma ta mayar da kujerar wurin ajiye tire. Umma ta koma Miga. Kafin ta tafi sai da ta ƙunsa wa ɗaya ƙafar lalle, da izinin likita wannan karon, wai ba za a ce ƙanwarta tana yawo da ƙafa ɗaya ja ɗaya fara ba.

Lallen fata ya goge tuntuni, amma ka san na farce ba ya fita sai dai farcen ya tsiro ya ture shi. Ranar Laraba da ta zo a duba ta, na ga wani farin layi a gindin babban farcenta na ƙafar dama, faɗinsa kamar ƙwayar shinkafa, jan yana gaba. Likita ya ce farce ba ya tsirowa haka sai jini yana isa wurin. Na daɗe ina kallon ɗan farin nan. Na gaya wa Inna gaskiya, cewa alkawarin da na yi mata ba nawa ba ne da zan yi, kuma na yi kwana da kwanaki ina jin tsoronsa. Ta ce ta sani tun ranar, ta gani a fuskata. Wai ta yarda ne don kada in ji kunya a gaban likita.

Zan tsaya nan, don ana jirana. Na ce mata zan kai wasiƙar da kaina tunda ina da hutu yau, ta ce aikinta ne, ba ta sallama wa kowa ba. Ga ta can a bakin ƙofa da tire a ka, tana ƙwala min kira wai Haladu zai tashi. Bandar tarwaɗar da za ka gani a cikin ƙunshin daga gare ta ne. In wasiƙar nan ta same ka, ka sani da ƙafarta ta kai ta tasha.

Ni ce taka har kullum,
Hannatu.