Makullin Shafi

Unguwar Kanawa, Kaduna.

Aminina Sharhabil,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya Gusau, yaya aiki?

Likita ya tabbatar hawan jinin ido ne. Na hagu ya tafi, na dama muke lallaɓawa. Ya ce in rage kallon kwamfuta, don haka dole in miƙa makullin shafinmu, wato ikon amincewa da duk gyaran da 'yan sa-kai suka turo kafin ya fito ga jama'a. Ka tuna ni da kai muka fara rubuta bayanin manhajar nan ta kyauta da Hausa, yanzu ga ƙananan asibitoci da yawa suna dogaro da shi.

Na ga saƙonka cewa in ba ƙanenka Nazifi. Ni ma shi na yi niyya. Amma bari ka ji.

Makon jiya na rubuta shafin sabunta manhaja, sai idona ya tsallake layin da ke cewa a fara adana bayanan marasa lafiya, in ba haka ba su goge. Nazifi ya duba, ya rubuta madalla. Lubna, ma'aikaciyar jinyar nan ta Mando da ba ta taɓa barin jimlata ta wuce lafiya ba, ita ta dawo da shafin. Ta ce ba zai fita ba sai an gyara.

Na kira Nazifi na tambaye shi ko ya ga kuskuren. Ya ce ya gani, amma ya ji nauyin ya gyara wa abokin yayansa, ya ɗauka wani zai faɗa.

Sharhabil, ladabin yaron nan mu muka koya masa, ban ga laifinsa ba. Amma Lubna na ba makullin. Na fi son ka ji daga bakina.

Ka gaida Khadijat da yara.

Naka,
Ja'afaru.

Unguwar Kanawa, Kaduna.

Aminina Sharhabil,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Matata Kaltume ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa, ta ce a gaishe ka. Shirunka ya yi tsawo, na san ranka ya ɓaci.

Nazifi ma ya ɗauke ƙafa daga gidana, ko a zauren tattaunawarmu na intanet ba ya magana. Abin ya dame ni fiye da idon.

Ranar Juma'a bayan masallaci sai ga shi da kwamfutarsa. Ya gaishe ni, ya zauna can bakin tabarma. Ya ce shafin farko, wanda na rubuta tun muna tare da kai, akwai sakin layin da ma'aikatan asibiti ba sa ganewa, ya kamata a cire. Na ce sakin layin nan shi na fi so a duk shafin. Ya ce ya sani, Yaya, amma a cire. Na kawo hujja, ya kawo tasa. Har la'asar bai janye ba.

Ya tura gyaran, Lubna ta amince, an cire. Wallahi na ji zafi. Amma Kaltume shaida ce, rabon da in ci abinci kamar na ranar tun kafin in je wurin likita.

Ka rubuto mini, ko da faɗa ne.

Naka har kullum,
Ja'afaru.