Rasuwar Malam Abdussalam Tasi'u da Cigiyar Shuɗiyar Rigarsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini mai nauyi da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Dandalin Masana Sinadarai Masu Kula da Muhalli na Arewa, a madadin Shugabansa, Farfesa Muhammadu Sani, da kwamitin amintattu, da shugabannin rassa, da ɗaukacin mambobinsa na gida da na ƙetare, yana sanar da jama'a cewa ya sami mummunan labarin rasuwar ɗaya daga cikin tsofaffin mambobinsa, Malam Abdussalam Tasi'u, malamin kemistiri a wata makarantar sakandare ta yankin Tsanyawa, wanda Allah Ya karɓi ransa ranar Talatar da ta gabata, bayan jinyar ciwon ƙoda ta wata biyu, yana da shekara hamsin da shida. An yi masa sutura a ƙauyensu, Kukar Sabo, a ranar da ya rasu. Ya bar mahaifiyarsa, da matarsa Malama Asiya, da 'ya'ya bakwai, da ɗalibai waɗanda ba mu san adadinsu ba.

Marigayin ba farfesa ba ne, ba kuma dakta ba ne, kuma bai taɓa riƙe muƙami a wannan Dandali ba, amma a cikin shekara goma sha tara da ya yi tare da mu, babu taron shekara ɗaya da aka buɗe ba shi a zaure. Yakan hau bas daga Tsanyawa, ya sauka gidan wani ɗan uwansa a unguwar Bacirawa cikin Kano, da safe ya hau adaidaita sahu zuwa wurin taro, alhali da yawanmu muna fitowa ne daga otal. Babbar riga ɗaya gare shi ta zuwa taro, shuɗiya, mai aikin baƙin zare a wuya, har muka sa mata suna rigar taro, muna tsokanarsa cewa ba a buƙatar jawabin buɗewa, da an hango shuɗiyar riga a bakin ƙofa, to taro ya buɗe. Yakan yi dariya ya ce, "Ai ita ma mamba ce, ta girmi rabinku a nan." Duk sa'ad da wani babban malami ya gama gabatar da maƙala a kan sarrafa sinadarai ba tare da cutar da ƙasa da ruwa ba, aka tafa masa, sai marigayin ya miƙe daga kujerun baya ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, manomin da gonarsa ba ta kai kadada ɗaya ba, ta ina zai kama wannan bayani?" Gaskiyar magana ita ce, da yawanmu ba ma son wannan tambaya, kuma wasunmu sukan duba agogo da zarar ya ɗaga hannu.

Sa'ad da shekarun wahala suka shigo, jami'o'i suka yi watanni a rufe saboda yajin aiki, ɗakunan gwaje-gwajenmu suka rasa wuta, tafiya ta gagari mutane saboda tsadar mai, sai da Dandali ya shekara biyu bai haɗu ido da ido ba, muka koma yin taro ta waya. Kukar Sabo babu sabis. Marigayin yakan tuƙa babur zuwa bakin titi kusa da kasuwa, ya tsaya a rana da waya a kunne, muryarsa tana yankewa tana dawowa, har a tashi taron. A waɗannan shekaru ne ya fara damun mu da maganar rijiyoyi. A yankinsu gona jikin gona take, gida jikin gida, babu fegin da ake bari ya huta, rijiyar da ake sha kuma sau da yawa tana tsakiyar gonar da ake zuba wa takin zamani da maganin feshi. Da kaya suka yi tsada, manoma suka koma sayen magunguna marasa suna da ake ɗurawa a robar lemo. Ya ce yana ganin jarirai suna ciwo, yana ganin magidanta suna kumbura, kuma ba zai ce ruwa ne ba, ba kuma zai ce ba ruwa ba ne, sai an auna.

A taron farko da muka yi bayan an dawo haɗuwa, wajen shan shayi, ya tari mambarmu Farfesa Fadima Abdulƙadir, wadda ke aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a ƙasar waje, ya tsare ta da bayani har shayinta ya huce. Ta yi masa alkawarin auna ruwan idan ya turo. Ya ɗebi ruwan rijiya talatin da takwas a ƙauyuka tara, tare da Baba Mati, dattijon mai haƙar rijiya wanda ya haƙa fiye da rabinsu da hannunsa. Kamar yadda ƙa'idar aikinmu ta tanada, bai rubuta sunan rijiya a jikin kwalba ba, sai lamba kawai, don kada mai aunawa ya san ta wace ce. Bai ma bi lambobin a jere ba. Ya rubuta su a guntayen takardu ya zuba a hularsa, duk rijiyar da suka je sai Baba Mati ya sa hannu ya zaro ɗaya. Yana kuma da nasa dalilin bayan na ƙa'ida, domin ya ce idan aka ji an ambaci rijiyar gidan wani da guba kafin a tabbatar, to an kashe masa kasuwar alayyahu da tumatur, an kuma raba shi da maƙwabtansa. Jerin da ke nuna wace lamba ce ta wace rijiya, kwafi biyu ya yi, ɗaya a wayarsa, ɗaya a takarda cikin ambulan.

A nan ne Dandali yake ganin wajibi ne ya faɗi abin da ba a saba faɗa a saƙon ta'aziyya ba, kuma ni mai sa hannu a wannan takarda na roƙi Shugaba ya bar ni in faɗe shi da bakina, domin laifin nawa ne. Dokarmu ta ce irin wannan ambulan a hannun sakatariya ake ajiye shi, saboda rana irin ta yau. A taron bara da aka yi a Kano, ni na shugabanci zaman da marigayin ya yi bayanin aikinsa. Minti goma aka ba shi. Yana cikin na goma sha ɗaya na kaɗa masa ƙararrawa, domin babban baƙo ya iso, ana jiran zaure. Ya koma ya zauna. Bayan an tashi ya same ni a teburin sakatariya, ina fama da rabon jakunkunan taro da takardun shaidar halarta, mutane sun yi mini caa, ya miƙo mini ambulan da hannu biyu ya ce, "Dakta, ga amanar rijiyoyin nan." Ban ko ɗaga kai sosai ba na ce masa, "Malam, yanzu ba ma karɓar takarda, ka turo ta imel." Na faɗa wa mutumin da ke tsayawa a bakin titi neman sabis ya turo ta imel. Ya ce, "To, Allah Ya kai mu baɗi," ya mai da ambulan aljihun rigarsa. Abin da ya rage tsakaninmu da baɗin da ya ambata mako biyar ne, kuma wallahi tun ranar Asabar ban daina jin ƙarar wannan ƙararrawa ba.

Ranar Asabar ɗin, kwana huɗu bayan rasuwarsa, wata goma sha huɗu bayan tura kwalaben, saƙon Farfesa Fadima ya iso. Rijiya talatin da biyu ruwansu ba shi da laifi. Guda shida, wato lamba huɗu, da tara, da goma sha bakwai, da goma sha takwas, da ashirin da shida, da talatin da ɗaya, suna ɗauke da sinadarin taki da ragowar maganin feshi fiye da abin da jikin ɗan Adam zai jure, musamman jarirai da mata masu juna biyu. Ba mu da hujjar cewa ruwan ne ya jawo ciwon marigayin, likitocinsa ba su ce haka ba, mu ma ba za mu ce ba. Abin da muka sani shi ne, akwai rijiyoyi shida da ake jan ruwansu yau da safe, ana dama wa yara koko da shi, kuma a duk faɗin Dandalin nan, da farfesoshinsa da daktocinsa, babu wanda ya san waɗanne ne.

Tawagarmu ta isa Kukar Sabo ranar Lahadi. Baba Mati ya lissafa mana rijiyoyin talatin da takwas ɗaya bayan ɗaya, da sunan mai kowace, da gaba nawa zurfinta, amma da muka tambaye shi lambobin sai ya ce, "'Ya'yana, ni zarowa kawai nake yi in miƙa masa, ban iya bokon ba." Wayar marigayin ta lalace tun yana kwance, aka kai ta gyara, mai gyara ya goge duk abin da ke ciki. Malama Asiya, wadda ke cikin takaba, ta yi mana magana ta bayan labule, ta ce ambulan ɗin bai taɓa fita daga aljihun shuɗiyar rigar ba, domin Malam ya ce a bar shi a nan don kada ya manta ranar taro. Ta kuma ce ranar Juma'a, wajen sadakar uku, da amincewar magada, ƙanen marigayin ya fitar da tufafinsa aka raba wa mabuƙata da suka zo daga ƙauyuka daban-daban, don ladan ya isa gare shi. Mutane sun yi yawa, ba wanda ya riƙe fuskar wanda ya karɓi rigar. Dandali yana jaddada cewa iyalan marigayin alheri suka yi, kuma babu wanda ke da ikon ɗora musu laifin komai, domin da mun karɓi abin da aka miƙo mana bara, da riga ce kawai aka yi sadaka da ita.

Dandali ya riga ya naɗa mutum huɗu da za su sake ɗiban ruwan rijiyoyin gaba ɗaya, tare da Baba Mati, kuma Farfesa Fadima ta yi alkawarin neman a gaggauta aunawa. Sai dai ba za mu yaudari kowa ba. Injin da ke iya wannan aiki babu mai aiki a kusa da mu, layin masu jira a can kuma dogo ne, ga damina ta ƙarato, lokacin da ruwan sama ke wanke abin da ke gona ya kai shi rijiya. Ba za mu iya cewa mutanen ƙauyuka tara su daina shan rijiya talatin da takwas ba, domin mun san ba su da wani ruwan. Abin da muke roƙo kafin a gane shidan nan shi ne, duk gidan da Malam Abdussalam ya ɗebi ruwan rijiyarsu, su daure su nemo wa jarirai da masu juna biyu ruwan famfon burtsatse, komai nisansa. A kuma sani cewa tafasa ruwa ba ya fitar da irin wannan guba, sai ma ya ƙara mata ƙarfi.

Saboda haka Dandali yana kira, cikin girmamawa, ga masu girma dagatai da masu unguwanni, da limaman Juma'a da na hamsu salawati, da malaman makarantun allo da na Islamiyya, da shugabannin kasuwa, da dillalan tufafi, da masu wanki da guga na yankin Tsanyawa da kewaye, da su taimaka su yaɗa wannan cigiya a masallatai da ranar kasuwa. Ana neman babbar riga shuɗiya, wadda ta ɗan koɗe a kafaɗu, mai aikin baƙin zare a wuya. A cikin babban aljihunta na ƙirji akwai ambulan ruwan ƙasa, an liƙe bakinsa, an rubuta Sakatariya a bayansa da jan biro. Wanda rigar ta faɗa hannunsa, tasa ce halak malak, babu mai karɓe ta, babu kuma mai tambayarsa komai. Ambulan ɗin kawai zai kai wa limamin Kukar Sabo, ko ya ba duk wani direban bas na Tsanyawa ya ce a kai gidan marigayin.

Daga ƙarshe, Dandali yana miƙa ta'aziyyarsa ga mahaifiyar marigayin, da Malama Asiya, da 'ya'yansa, da 'yan uwansa, da abokan aikinsa malamai, da ɗalibansa, da Baba Mati, da ɗaukacin al'ummar Kukar Sabo. Muna roƙon Allah, Mai rahama Mai jin ƙai, Ya gafarta wa bawanSa Abdussalam, Ya haskaka kabarinsa, Ya karɓi wahalar da ya sha a kan ruwan shan bayin Allah a matsayin sadaka mai gudana, Ya shayar da shi daga tafkin Alkausara. Allah Ya ba iyalansa haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya raya abin da ya bari, Ya yafe mana mu da muka ƙi karɓar amanar da ya kawo mana har teburinmu, Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.

Kai kuma bawan Allah da ka karɓi rigar nan ranar Juma'a, ba mu san sunanka ba, amma sunayen rijiyoyin nan shida suna aljihunka, kuma ta yiwu a cikinsu akwai wadda 'ya'yanka suke sha. Takarda ce guda ɗaya tal, da alƙalamin tawada ya rubuta ta. Don girman Allah, kada ka sa rigar nan a ruwa kafin ka duba aljihun.

Sa hannu:
Dakta Uwaisu Kamilu Ungogo
Sakatare kuma Kakakin Dandalin Masana Sinadarai Masu Kula da Muhalli na Arewa