Gyara a Kan Jarin Amana

Malama Rahina, don Allah ki taimake ni da shawara. Wani abu ya tsaya mini a rai, ko tuwo ba na jin daɗinsa.

Ni mai awon shinkafa ce a kasuwar Gummi. Da can a wani ƙauye wajen Anka nake aure, inda muke dakan dutsen zinari a tsakar gida, har gubar dalma ta kama ɗiyata ta fari. Allah Ya tashi kafaɗunta, amma na rantse ni da dakan dutse har abada. Da maigidana ya rasu na dawo Gummi hannu rabbana. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Inna Sahura, ita ta ja ni a jiki. Ita ta koya mini jiƙa shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, da turara ta, da shanya, da yadda ake gane ta bushe kafin a kai inji. Yanzu ido ya yi mata rauni, ba ta iya tsayuwa gaban wuta, ga jikoki a gabanta. Duk ranar kasuwa takan biyo ta rumfata mu gaisa, ni kuma in dumbuza in zuba mata a bakin mayafi. Ba ta taɓa roƙo ba, ni ma ban taɓa jira ta roƙa ba.

Bara wani ƙaramin bankin Musulunci ya kawo wa matan kasuwa tsari: su da jari, mu da ƙarfi, a raba riba, babu kuɗin ruwa. Na shiga, kuma wallahi na ga haske. Da tiya-tiya nake saye, yanzu buhu nake saukewa, yara sun koma makaranta. To a wani zama da aka yi da mu, ma'aikaciyarsu Nusaiba, yarinya mai hankali, ta ja mana kunne cewa jarin amana ne na wasu bayin Allah, duk wadda ta taɓa shi ba bisa ƙa'ida ba Allah zai tambaye ta. Malama, tun ranar hannuna ya mutu. Kin san awonmu, a cika tiya ta yi tozo sannan a ƙara gyara. Sai na tambayi kaina, wanga gyara da shinkafar wa nake yin sa? Na daina. Masu saye suka fara yi mini tsiya, wai tun da na haɗa kai da banki ni ma na zama banki, wasu suka koma rumfar gaba. Wannan duk da sauƙi.

Inna Sahura ta zo kamar kullum. Muka gaisa, ta tambayi yara, ta ɗan tsaya tana murza bakin mayafi. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina ta kakkaɓe buhun da ba komai a cikinsa. Ta sa mini albarka ta wuce. Albarkar nan ta fi mini mari zafi! Ba ta sake biyowa ba. Ko a unguwa muka haɗu sai ta wuce, ban sani ba ko idon ne ko fushi.

Yayana Mamuda ya ce in mayar musu da jarinsu in huta. In na mayar, da me zan riƙe yara? Masu dutse har yanzu suna neman mata masu daka, kuma ina tsoron ranar da yunwa za ta sa in karya rantsuwata. Nusaiba kuma kunya ta hana ni tambayarta, kada ta ɗauka da can cin amana nake yi. Yaya zan yi?

Mai Tiya, Gummi

'Yar'uwa Mai Tiya, Allah Ya ƙara miki tsoronSa. Sai dai abu biyu kika haɗa wuri ɗaya, bari mu raba su.

Gyara ciniki ne. Malamai sun yi bayanin cewa wanda aka ba jari ya juya yana da damar yin abin da 'yan kasuwar garinsa suka saba, muddin bai wuce kima ba, kuma ba a hana shi a sharaɗi ba. Masu jarin riba suke nema, ga shi kin gani da idonki, kina ɗauke gyara masu saye suka ɗauke ƙafa. Duk da haka Nusaiba ba ta yi kuskure ba, don jarin mata da yawa a biki da anko yake narkewa. Ki cire kunya ki same ta, ki faɗa mata yadda kike awo, ta fayyace miki abin da tsarinsu ya yarda da shi.

Na Inna Sahura kuwa kyauta ce, kuma a nan tsoronki yana kan hanya, ba a kyauta da dukiyar haɗaka sai da izini. Mafitar ba wuya. Duk ranar da shinkafa ta dawo daga inji, ki auna tata daban, ki biya daga rabonki kamar kowane mai saye. Daga nan taki ce, ki yi yadda kika so da ita.

Kada ki mayar da jarin. Ki gode wa Mamuda, ki ce masa a'a. Ɗiyarki ta sha wahalar da ta isa.

Saura na gaggawa. Kada ki zauna a rumfa kina jiran Inna, macen da ba ta taɓa roƙo ba ba za ta koma inda ta tsaya ta tafi hannu wofi ba. Ke za ki je, kafin kasuwa ta zagayo. Ki durƙusa ki gaya mata abin da ya riƙe miki hannu, don a yanzu iyakar abin da ta sani shi ne kin samu kin manta da ita. Ki tafi da shinkafar da kika turara da kanki a ƙwarya, ki ajiye a gabanta, ki roƙe ta ta taɓa ta ji ko har yanzu kina yi yadda ta koya miki.

Allah Ya sa albarka a tiyarki, Ya ƙara wa ɗiyarki lafiya, Ya ba Inna Sahura sauƙin ido.

Malama Rahina